Ranar da Na Gasa Banjon Baba Tankari

Ranar Lahadin da ta wuce, ana tsakar cin kasuwa, wasu samari uku suka tsaya a bakin rumfata da ke bayan 'yan canji. Ɗaya na riƙe da gurmin da ya sayo a Ƙonni, ɗaya na riƙe da waya, na ukun rakiya ya yo. Mai gurmin ya ce an cuce shi, abin ba ya yin irin muryar da suke ji a waya. Na karɓa, na juya shi gaba da baya, na kaɗa sau biyu, na tura kallabi, wato ɗaurin tsirkiya, da babban yatsa, na miƙa masa kayansa. Ya kaɗa, ya ji ya yi daidai. Sai ya dubi 'yan uwansa ya ce, "Shi ke nan aikin? Ai ko ni gobe sai in buɗe rumfa." Suka kwashe da dariya, suka hau babur ɗaya su uku.

Abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na nemi biro na zauna. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa, ni ba malami ba ne. Sunana Garba, a Lafani aka haife ni, a Illela kowa ya san ni da Garba Mai Molo. Ina sassaƙa molo, ina rufe gurmi da garaya, ina gyara wanda ya lalace. Na haura shekara talatin a wannan aiki. Ba ni da gida na kaina a cikinsa, kuma ba na ba kowa shawarar ya sa ɗansa. Amma wanda ya ce aikin banza ne, ya zauna ya ji.

Aikin farko da aka ba ni, fatar akuya ce jiƙaƙƙiya mai wari. Maigidana, Baba Tankari na Amarawa, ya jefo mini ita da wata tsohuwar aska, ya ce in kankare gashin kada in huda. Na huda wuri uku. Bai zage ni ba. Ya ɗaga fatar a rana ya leƙa ni ta cikin hudar, ya ce, "Garba, ta nan muryar za ta gudu." Ya kawo wata. Shekara biyu ina kankarar fata, ina fafe ƙwarya, ina wasa gizago, ina murza zare, ban taɓa tsirkiya da sunan kiɗi ba. Kayan aikinsa duka a jakar fata ɗaya suke: gizago, wuƙaƙe biyu, aska, basilla, ɗan guntun dutsen wasa wuƙa, da kasko na garwashi wanda ba ya shiga jakar, ni nake ɗauka a ka. Wannan kaskon ku riƙe shi a rai, za mu dawo kansa.

Baba makaɗi ne kafin ya zama mai gyara. Molonsa mai tsirkiya uku ne, biyu dogaye, ɗaya gajera wadda babban yatsa ke bugu ba a danna ta, ita ke riƙe kiɗin kamar bugun zuciya. A wajenmu tsirkiya ba ta da abin murɗawa. Ɗaure ta ake yi a jikin sanda da zaren fata, shi ne kallabi. In kana so murya ta hau, ka tura kallabi sama. In kana so ta sauka, ka jawo shi. Faɗa ke da sauƙi. Kallabin da ya kama da kyau, sai ka sa ƙarfin yatsa har jijiyar wuyanka ta tashi kafin ya motsa kamar faɗin gashi, kuma faɗin gashin nan shi ne tsakanin kiɗi da hayaniya.

Wani makaɗin 'yan kokawa ya taɓa zuwa daga wajen Gada, ya ce gurminsa na kuka kamar ƙuda a kwalba, a sake masa fata. Ni har na ɗauko wuƙa. Baba ya ce in ajiye. Ya ce wa mutumin, "Kaɗa in gani." Ya kaɗa, ga ƙarar nan. Baba ya karɓa ya kaɗa, babu. Ya mayar masa, ta dawo. Sai ya kama hannun mutumin ya zare wani zoben azurfa da ya yi masa yawa a ƙaramin yatsa. Zoben ne ke rawa a kan fata. Mutumin ya yi tafiyar rabin yini a kan zobensa.

A ranar Baba ya kafa mini dokar da ya yi ta maimaitawa har na gaji da ji. In aka kawo kaya ba ya da lafiya, ka fara duba hannun mai shi. In hannu lafiya, ka duba jaki, wato ɗan itacen nan da tsirkiya ke hawa a kan fata. In jaki na zaune daidai, ka duba tsirkiya da ɗaurinta. Fata ce ƙarshe. "Hwata ita ta ƙarshe," in ji shi, "don ita ɗai ce in ka ɓata ba ta komowa." Kuma kafin duk wannan, kayan da ba hannunka ya yi ba, ka juya shi, ka ƙwanƙwasa, ka sunsuna, ka duba bayansa, ka san da wa kake magana.

Kashi tara cikin goma na masu zuwa wurina, ciwon a hannunsu yake. Wannan ya danne tsirkiya kamar yana shaƙe ɓarawo, murya ta haura, ya ce kayan ne. Wancan bai danna sosai ba don yatsansa na zafi, ya ce tsirkiya ta mutu. Yatsa sai ya yi kanta, kuma ba a sayar da kanta a kasuwa, wata uku ne na zafi. Wani yana so ya yi gudu tun bai iya tafiya ba, ya ji makaɗi a waya yana zuba kamar ruwan sama, shi ma ya zuba, sai ka ji kamar an watsa tsakuwa a kwanon rufi. Wani kuma hannunsa na dama yawo yake a iska, bai kafa ƙaramin yatsa a gefen fata ba, yau ya bugi wannan tsirkiya gobe ya bugi maƙwabciyarta. Sai masu cewa sun ɗaure da safe, kafin azahar ta sauka. Sabuwar tsirkiya ce, miƙewa take, sai ta kwana uku tana sauka kana tayar da ita kafin ta zauna. Kuma in za ka daidaita murya, daga ƙasa ake hawowa. In ka wuce, ka sauka can ƙasa ka sake hawowa a hankali. Wanda ya sauko daga sama ya tsaya, tsirkiyarsa za ta zame masa a tsakiyar waƙa gaban mutane. Na faɗa wa mutum ɗari wannan magana, ba na jin goma sun riƙe.

Sai damina. Fata aba ce mai shan iska. In ruwa ya sauka, sai ta yi laushi, jaki ya nutse, murya ta dushe kamar mai mura. Maganin da muka gada shi ne gashi. A zuba garwashi a kasko, a bar shi ya yi toka-toka, a kifa fatar daga nesa ana juyawa, ana ƙwanƙwasawa da farce, har a ji ta ce tan. Kowane makaɗi a ƙasar nan ya san haka. Ni kuwa a nan na yi suna. Har Baba da kansa ya taɓa cewa a gaban mutane, "Gashi kam, ku ba Garba." Ban taɓa ƙona fatar kowa ba. Na riƙe wannan yabo kamar takardar shaida, kuma shi ya kai ni inda ya kai ni.

Da tsufa ya zo wa Baba, ta yatsu ya shigo. Gaɓoɓin suka kumbura, suka ƙage. Bugun tsirkiya yana iyawa, dannawa ma yana lallaɓawa, amma tura kallabi ya gagara. Na ce masa, "Baba, ai ga ni. In ɗaure maka, kai ka kaɗa." Ya dube ni kamar na zage shi.

"Mi kac ce?"

"Na ce in daidaita maka."

"Wanda wani ya ɗaure ma tsirkiya, ba kiɗinai yaka yi ba, aron kunne ya yi. In ta zame tsakar waƙa hwa? In aika a kira ka daga Illela?"

Ya sa aka rataye molon a jikin bango. Shekara shida bai sauke shi ba. Tsoffin makaɗa haka suke, ba shi kaɗai ba. Kayan da hannun wani ya sassaƙa za su kaɗa, amma ɗaurin wani, a'a.

Sai mummunar shekarar nan da aka rufe iyaka. Ku da kuke yara lokacin ba za ku gane ba. Rabin masu kawo mini aiki daga ƙetare suke, makaɗan Ƙonni da ƙauyukanta, masu biya da sefa. Rana ɗaya aka ɗauke su. Kasuwa ta yi tsit. Masu biki da ma sun fara gane cewa lasifika da ɗan katin waƙa sun fi makaɗi arha, kuma lasifika ba ta cin tuwo. Sai in yi mako biyu ban taɓa fata ba. Na karɓi babur na wani ina kabu-kabu, ni da ake kira har gida. Zuciyata a ƙuntace take a shekarar, kuma mai ƙuntatacciyar zuciya bai kamata a ba shi aikin haƙuri ba.

Ana tsakiyar damina Alhaji Isuhu mai gwanjo ya aiko a kira ni. Ɗan kasuwa ne mai sayo tsofaffin kaya daga Kwatano, kuma Baba ne ya yi kiɗin aurensa na fari tun ba shi da ko keke. Na same shi a shago, ya jawo wani baƙin akwati dogo daga ƙarƙashin dilar riguna, duk laka a jikinsa.

"Garba, zo ka ga molon Turawa."

Ya buɗe. Fuska zagayayya fara kamar faranti, doguwar sanda mai layukan ƙarfe a kwance, tsirkiya biyar ta waya. Huɗu dogaye, ɗaya gajera da ta tsaya a rabin sanda. Na ce, "Ikon Allah, har da gajerar tamu."

"Banjo suka ce mata. Amma ba wannan na kira ka ka gani ba. Dubi nan."

Ya kama wani ɗan kunne na ƙarfe a kan sandar ya murɗa da yatsa biyu, kamar mai rage rediyo. Tsirkiya ta hau. Ya mayar, ta sauka. Kowace tsirkiya da kunnenta.

"Ko jinjiri ya murɗa wanga," in ji Alhaji. "Tun da na gan ta cikin kaya na ce ta tsoho ce. Ta daji anka shigo da ita, ɗaure bayan mashin, kwana biyu tana shan gargada. Ka gyara ta ta yi murya, sannan mu kai mai. Na riga na aika an hwaɗa mai."

Na ce kwana uku.

Abin da ke gabana ke nan, kuma na san shi sarai: tsohon da ya yi shekara shida bai kaɗa ba zai sake ɗaure tsirkiyarsa da hannunsa. Ba wani abu aka nema a wurina ba sai in kai masa ita da rai.

Ranar farko na yi aiki mai kyau, ba zan rage wa kaina ba. Jakin ya faɗi, na same shi a aljihun akwatin. Ba a manne shi, tsirkiya ce ke danne shi, kamar na gurmi. Na tayar da shi inda na ga dama, sai na ji abin mamaki: in ban danna tsirkiya ba muryar daidai, amma ina dannawa can sama sai ta karkace. A molo yatsanka ke neman murya, babu layi. A nan layukan ƙarfen ne ke yanke hukunci, don haka dole jaki ya bi su. Na yi ta matsar da shi gaba da baya har na gano cewa in ka danna tsirkiya a daidai rabinta, dole ta ba ka muryar da take yi in ba a danna ta ba, amma siririya. In ta haura, jaki ya ja baya. In ta gaza, ya matso. Na auna da zare, na samu layi na goma sha biyu shi ne tsakiya. Ba wanda ya koya mini, ba waya na duba ba.

Rana ta biyu na yi fama da gajerar tsirkiya. Kunnenta na zamewa, ina ɗaurewa tana kwancewa. Na ga 'yar ƙusa mai tsaga a kansa, na ƙara mata ɗauri da bakin wuƙa, ta zauna. A aljihun akwatin akwai wasu farata uku, biyu na ƙarfe ɗaya na roba. Na sa su kamar ƙumbar shaho, suka yi ta maƙalewa a waya, sai da na juya su, lanƙwasar ta bi tafin yatsa, sannan suka zame yadda ya kamata. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe mai kai kamar makullin agogon bango. Na gwada shi a kunnuwan, bai shiga ba. Na jefa shi a gwangwanin ƙusoshi.

Rana ta uku komai ya zauna, amma murya a dushe. Ka kaɗa ka ji fuf, kamar an rufe ta da bargo. Na danna fatar da yatsa, ta lotsa. Jaki ya nutse. A daren jiya an yi ruwa, gari a lulluɓe. Wane makaɗi ne a ƙasar Sakkwato zai tsaya tunani? Fata ta sha damina. Na aika aka samo mini garwashi wajen mai shayi.

Zan faɗi gaskiya tunda na ɗauko ta. Na ga alamu. Fatar nan ba ta da ramukan gashi ko ɗaya. Farinta ya yi yawa, sai dattin yatsun mai ita na da. Zagaye da bakinta akwai ƙugiyoyin ƙarfe jere, na ɗauka ado ne irin na Turawa, don mu ma muna jera ƙusoshin tagulla a bakin ƙwarya. Bayanta a rufe yake da wani faifan katako, ban kwance na leƙa ba. Ban sunsuna ba. Na ce a raina, fatar wata dabba ce ta ƙasarsu, kuma fata duk fata ce a gaban kaskona.

Na kifa ta daga nesa, ina juyawa, ina ƙwanƙwasawa. Ba ta ce tan ba. Na matso. Shiru. Na ƙara matsowa. Sai wari ya bugi hancina, ba warin gashi ba, warin bokitin roba da ya faɗa murhu. Kafin in janye, tsakiyar ta yi ƙyalli, ta kumbura, ta yamutse, jaki ya faɗa ciki. Rami ya buɗe wanda ƙwai zai wuce.

Sale bakanike, mai gyaran babura a rumfar da ke kusa da tawa, ya leƙo yana toshe hanci. "Garba, wace leda kaka ƙonawa da sassahe?"

Ya karɓa ya duba. Ya kwance ƙusoshi huɗu da yatsa, faifan bayan ya fita. Ga noti a gindin kowace ƙugiya, rabinsu sun kwance har suna rawa, biyu ma sun faɗo suna yawo a ciki.

"Kai, ai wagga ba ta son wuta, sifana taka so. Gargadar hanya ta kwance su. Ba ta zo da ɗan makulli ba?"

Na zazzage gwangwanin ƙusoshi. Ya ɗauki ɗan ƙarfen nan ya sa a noti, ya zauna cif. Ya murɗa ɗaya, ya tsallaka ya murɗa na gabansa, kamar mai ɗaure tayar mota, ragowar robar tana miƙewa a gaban idona. Aikin da bai fi a sha shayi ba. Roba ba ruwanta da damina. Sale ya ajiye makullin a tafina, ya ga fuskata, ya koma kan babur ɗinsa.

Ƙonawar kuskure ce. Abin da na yi bayanta shi ne laifin. Da na ɗauki akwatin a ranar na tafi Amarawa, Baba zai zage ni, sannan mu zauna mu san yadda za a yi, don ya fi ni sanin fata nesa ba kusa ba. Ko da ma tun farko na kai masa ita a dushe, da ya kaɗa abarsa. Amma ni ne Garban gashi. Na tura akwatin ƙarƙashin gado. Na ce wa Alhaji akwai sauran ɗan aiki. Na tafi Sakkwato wajen masu kayan kiɗin zamani, ba su da irinta. Na ba direbobi sallahu, suka ce iyaka a rufe, wa zai tsaya neman fuskar molo. Mako biyu suka tafi a haka.

Inna Hajo, matar Baba, ta same ni a tashar babura ranar kasuwa. Ta ce, "Garba, tsohonka ya hana mu sakat. Kullum da sahe sai an ɗuma mai ruwa ya tsoma yatsu, a shafa mai man shanu. Wai shiri yaka yi. Ya ce in tambaye ka, mai kunnuwan nan, yaushe?"

Na ce, "Inna, ki ce mai ta kusa."

Sau uku tana kawo wannan saƙo, sau uku ina ba ta wannan amsa.

Da na ga ba mafita, na koma ga abin da na iya. Na sayi fatar ɗan akuya, na jiƙa, na kankare. Damina ta hana ta bushewa, ta yi funfuna, na yar. Ta biyu na ja ta a kan zoben ƙarfen da ke danne fuskar da gaggawa, ta yage a gefe. Ta uku ce ta zauna. Na naɗa ta a waya, na danne da zoben, na bi notin nan ɗaya bayan ɗaya da makullin da na jefar, kaɗan-kaɗan, kullum da safe, har ta bushe. Ta yi murya. Ba irin tata ta asali ba mai kaifi, amma mai daɗi, kusa da gurmi. Daga ranar da Alhaji ya ba ni zuwa ranar, kwana arba'in da ɗaya.

A kwana na talatin da shida, Baba ya tashi zai yi alwalar azahar ya faɗi. Ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa. Na ji labari, na je na gaishe shi hannu wofi, na dawo na ci gaba da murɗa noti, don ban san abin da zan yi ba in ba shi ba.

Ranar da na kai ta, da hantsi ne. Alhaji Isuhu ya ce ba zai iya zuwa ba, in tafi ni kaɗai. Na sami Baba a zaure an jingina shi da bango, hannun dama na kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Bakinsa ya ɗan karkace amma ana gane maganarsa. Na buɗe akwatin na ɗora masa a ƙafa. Da hannun hagu ya juya ta. Ya ƙwanƙwasa. Ya shafa bayanta, ya bi ƙugiyoyin da yatsa. Sannan ya sunkuya ya sunsuna.

"Wagga akuyar Illela ta. Ina tata hwatar?"

Na faɗa masa duka, har gwangwanin ƙusoshi.

Ya shafa fatar. Can ya ce, "Ka duba bayanta kahin ka kai ta wuta?"

"A'a, Baba."

"Ka sunsuna?"

"A'a."

"Kwana nawa?"

"Arba'in da ɗaya."

"Amarawa ta yi maka nisa?"

Bai jira amsa ba. Ya ce in matso in zauna a damansa. Ya kai hannun hagu ya kama kunnen farko, ya sassauta tsirkiyar har ta kwanta, ya warware duk ɗaurin da na yi. Ya ce, "Kaɗa." Na buga. Ya murɗa kaɗan. "Kaɗa." Na buga. Yana hawowa daga ƙasa, idonsa a rufe, kansa a karkace. Kumburarrun yatsun nan da kallabi ya gagara suna juya ƙarfen ba wahala, yadda Alhaji ya faɗa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har biyar, gajerar ce ƙarshe, ya daɗe a kanta. Bai yi mata ɗaurin Turawa ba, ban ma san shi ba balle shi. Ɗaurin molonsa ya yi mata, wanda rabona da ji shekara shida. Inna Hajo ta fito daga cikin gida da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce in share su gaba ɗaya. Na share. Ya buɗe ido.

"Ta zamna," in ji shi.

Ya dubi hannunsa na dama. Na ga kafaɗarsa ta motsa, hannun bai bi ba. Ya sake gwadawa. Sannan ya ce, "Ɗauke ta. Ta yi man nauyi ga ƙahwa."

Na ce ko in kaɗa masa wani abu. Ya ce a'a, ɗaurinsa ne. Bayan an yanke gero Allah ya yi masa rasuwa.

To, ku masu cewa tura kallabi ne kawai, ga abin da ke bayan turawar. Ban ce ku girmama ni ba, ni kaina ban ga dalili ba. Na ce in aka ba ku abin da ba ku sani ba, ku juya shi ku duba bayansa. In kuka ɓata, ku ɗauka ku kai a ranar, da ƙafarku, tun mai jira yana da hannun karɓa. Kaskon yana nan, ina gashi da shi duk damina, don gurmi da molo suna so. Makullin na rataye shi da zare a jikin ginshiƙi.

Banjon ma tana nan a rumfa, Alhaji ya ce ba ya son ganinta. Tana rataye sama da kaina. Kunnuwan nan biyar ban sake taɓa su ba tun ranar. Kwanaki wani saurayi ya hango ta, ya roƙa na sauke masa ya gani. Ya shafa tsirkiyar, ya ciro waya, ya ce akwai abin da ke nuna murya a ciki, kore in ta yi daidai, ja in ta kauce. Ya nuna mini. Duk biyar ɗin ja.

"Malam Garba, ai duk ta sauka. Bari in saita maka, minti biyu ne."

Na kama hannunsa tun bai kai kunnen ba. Na ce, "Na san ta sauka, na riga wayarka sani. Ɗaurin wani ne. Bar ta."